Waiwaye: Abin da Ke Saura Bayan Ƙarfi Ya Tafi

A watan Janairu, lokacin da dusar ƙanƙara ke binne titunan Shikago, akwai wasu magidanta da ke haɗa jaka su nufi hamadar Arizona. Cikinsu za ka tarar da likita, da lauya, da direban babbar mota, da ɗan fansho mai jikoki. Kowannensu ya ba talatin baya, domin ƙa'idar ke nan, akasari ma sun haura hamsin. Dala dubbai suke biya don a ɗinka musu rigar ƙungiyar Cubs ta Shikago da sunansu a baya, su shafe kusan mako guda suna buga wasan besbol a hannun tsofaffin gwanayen da suka tashi suna kallo. Ana kiran wannan taro sansanin cika buri. Na taɓa shiga cikinsu, 'yan shekaru kafin 2016, kuma abin da na gani can bai bar zuciyata ba har yau.

Wanda ya ƙirƙiro al'adar shi ne Randy Hundley, tsohon mai cafe ƙwallo na Cubs, mutumin da a 1968 ya tsuguna bayan mai bugu a wasanni 160 cikin kaka ɗaya. A farkon 1983 ya tara abokan wasansa na da a Arizona, ya gayyaci magoya baya su zo su yi wasa tare da su. Abin ya karɓu, sauran ƙungiyoyi suka bi sahu: Dodgers a Vero Beach, daga baya Yankees a Tampa, duk a jihar Florida.

Sai dai ga abin lura. Abokan nan da Hundley ya tara, 'yan Cubs ne na 1969, kuma ba su taɓa ɗaukar kofi tare ba. A tsakiyar Agustan shekarar sun ba Mets ta New York tazarar wasanni tara, garin Shikago har ya fara lissafin biki. Satumba na shigowa ƙafa ta zame, suka yi ta shan kashi, aka rufe kaka Mets na gabansu da wasanni takwas. Huɗu daga cikinsu, Ernie Banks da Billy Williams da Ferguson Jenkins da Ron Santo, sun shiga zauren karrama gwanaye da ke Cooperstown, amma a matsayin ƙungiya hannu rabbana suka koma gida. Duk da haka, su ne mutane suka buɗe aljihu don su zauna kusa da su bayan shekara goma sha huɗu.

Ni da girmana na zo Shikago, kuma ƙwallon ƙafa na sani. Wani maƙwabcina ne ya fara kai ni filin Wrigley, wanda aka gina tun 1914, mai katangar bulo da ganye ya lulluɓe. Shi ya koya mini yadda abin yake: mutum tara a kowane ɓangare, mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya tare ta da gora, in ya same ta ya ruga ya zagaya zango huɗu kafin a fitar da shi. Sannu a hankali wasan ya shiga jinina, har na zama mai bin sa a rediyo cikin mota. Da maƙwabcin nan ya ce in zo mu tafi sansanin da ke Mesa a Arizona, inda Cubs ke atisayen share fage, ban yi jayayya ba.

Ranar farko, a ɗakin sauya kaya, na ga wani dattijo mai furfura ya tsaya gaban ma'ajiyarsa, yana shafa haruffan sunansa a bayan riga, idanunsa sun kawo ruwa. Babu wanda ya yi masa dariya, domin kowa na cikin irin halin da yake ciki. Bayan an fita fili kuwa, jiki ya fara faɗin gaskiyarsa. Tsakanin zango da zango ƙafa 90 ne, wajen mita 27. Daga kan benci tazarar ba ta kai komai ba, amma a ƙafar ɗan shekara hamsin tafiya ce. Kafin kwana biyu ɗakin masu tausa ya fi ko'ina cika, wannan an naɗe masa cinya, wancan an ɗaura masa ƙanƙara a kafaɗa, kuma da safe kowa ya sake ɗaure takalmi.

Tsayuwa gaban mai jifa ita ce babbar makaranta. Ƙafa 60 da inci 6 ne tsakaninku. A wasan ƙwararru, ƙwallon da ke gudun mil 90 a awa ɗaya ba ta cika rabin daƙiƙa kafin ta iso ka. Mu a sansani sassauta mana ake yi ƙwarai, amma duk da haka gora na wucewa ne ta sama ko ta ƙasa. Mai horar da rukuninmu, wanda ya yi shekaru a babbar gasa, gwiwoyinsa sun riga sun gaji, yana ɗingishi in ya yi doguwar tsayuwa. Ya zo bayana, ya kama hannuwana biyu a kan gorar, ya jera gaɓoɓin yatsuna a layi ɗaya, sannan ya sa ƙafarsa ya matsar da tawa ta baya kaɗan. Ya ce in mayar da nauyina baya, in bar ƙugu ya fara juyawa kafin hannu, kada kuma kaina ya ɗago sai na ga ƙwallo ta taɓa itace. Ya sa na maimaita, ya sake sa na maimaita, ba tare da ya nuna gajiya ko ƙosawa ba. Da na samu ta tsakiyar gora, ko girgiza ban ji a hannu ba, sai wata ƙara mai tsabta, ƙwallo ta tsallake kan mai tsaron zango na biyu. Murnar da ya yi ta fi tawa.

A nan na fahimci lissafin da wasan ya ginu a kansa. Mai bugun da ke dacewa sau uku cikin goma gwani ne na sahun gaba. Rabon da wani ya kai huɗu cikin goma a kaka guda a babbar gasa tun Ted Williams a 1941. Ma'ana, gwani kansa yakan koma benci babu komai sau bakwai cikin goma, kuma gobe akwai wani wasan, domin kaka wasanni 162 ce. Wanda bai iya haɗiye faɗuwa ba, ba zai daɗe a wannan sana'a ba, komai baiwarsa.

Da yamma akan zauna kotun barkwanci, a ci tarar wanda ya manta hula ko ya ruga zangon da ba nasa ba, kuɗin kuma a ba da su sadaka. Daga nan sai hira. Tsofaffin 'yan wasan ba sa ɓoye shekarun da suka sha kashi, kuma ban ji ɗayansu ya ɗora laifi a kan abokinsa ba. Duk inda hirar ta zagaya, sai ta dawo kan mutum biyu. Banks, baƙar fata na farko da ya buga wa Cubs, ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 512, aka zaɓe shi gwarzon gasa a 1958 da 1959, amma ko sau ɗaya bai taka wasannin neman kofi ba cikin kaka 19. Abin da garin ya riƙe game da shi shi ne fara'a da ɗokin shiga fili kullum. Santo kuwa da ciwon sukari ya yi dukan wasansa, ya ɓoye shi shekaru don kada a ajiye shi. Ciwon ya cinye masa ƙafafu biyu, ɗaya a 2001, ɗaya a 2002, amma ya ci gaba da hawa ɗakin rediyo yana sharhin wasan Cubs har ya rasu a 2010. Sai bayan rasuwarsa aka shigar da shi Cooperstown.

Ranar ƙarshe akan kara tsakanin mahalarta da tsofaffin gwanaye. Dattijon nan mai furfura ya samu bugu ɗaya, ya kai zangon farko da kyar yana haki. Mai tsaron zangon, wanda dubban mutane suka taɓa yi wa tafi, ya cire safar hannunsa ya rungume shi, ya nemo ƙwallon ya damƙa masa. Irin girmamawar da ake yi wa tsohon ɗan dambe ce idan ya leƙo fage, sai dai a nan gwanin ne ke yi wa ɗan kallo.

A watan Nuwamban 2016 Cubs ta doke Cleveland da ci 8 da 7 a wasa na bakwai, ta ɗauki kofin World Series bayan shekara 108. Banks ya rasu a Janairun 2015, bai gani ba, Santo ma haka. Magoya baya suka yi ta rubuta sunayen iyaye da kakanninsu da alli a jikin katangar Wrigley, mutanen da suka jira har ƙasa ta rufe musu ido. Kofin ya faranta ran gari, amma bai ƙara wa 'yan 1969 komai ba, domin sun riga sun samu matsayinsu ta wata hanya.

Darasin da na ɗauko ke nan, kuma ina ganin ya shafi malami da ɗan kasuwa da ma'aikaci kamar yadda ya shafi ɗan wasa. Ƙarfi aro ne, nasara kuma rabo ce, tana iya kuɓuce wa wanda ya fi kowa cancanta. Abin da ke hannun mutum shi ne yadda yake tashi bayan ya faɗi, da yadda yake riƙe abokan tafiyarsa a ranar asara, da kuma ko zai yarda ya sunkuya ya gyara wa wanda bai iya ba tsayuwarsa. Hali zanen dutse ne. Duk mai wata sana'a a hannu ya tambayi kansa tun yana da sauran ƙarfi: ranar da ba zan iya yi da kaina ba, wa na koya wa, kuma wa zai so ya zauna kusa da ni?