LAFIYA UWAR JIKI: Kayan Wanda Ya Tafi A Kan Wanda Ya Zauna

A watan Fabrairu na 2024 Magatakardan Majalisar Kula da Aikin Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya, Dr Faruk Abubakar, ya bayyana cewa nas-nas 42,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 1 ga Janairu zuwa ƙarshen 2023 kaɗai. Aka yi ta cece-kuce a kan waɗanda suka tafi Ingila da Amurka da Saudiyya. Amma waɗanda suka zauna, watau masu ɗaukar kayan da aka sauke, ba safai ake tuna su ba.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mutumin Danchuwa ta Ƙaramar Hukumar Potiskum da asibitin London? To, da ruwansa. Idan nas ta bar asibitin koyarwa ta haye jirgi, gurbinta wata ce daga asibitin jiha za ta nema, domin albashin tarayya ya fi tsoka. Gurbin wannan kuwa sai a ɗauko ta ƙaramin gari a cike. Haka igiyar ke jawuwa har ta zo ƙauye, inda babu wani na baya da za a ɗauko. Daga nan ciwon da ya kamata a tare shi a ƙaramin asibiti sai a ɗora shi a mota a nufi babban asibitin Potiskum, garin da ke kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, mai babbar kasuwar shanu, wanda dama marasa lafiyarsa sun ishe shi.

Aikin nas kashi uku ne, safe da rana da dare, kuma jadawalin ba ya yin daidai sai hannuwa sun cika. In aka rasa mutum biyu a ɗaki guda, gadajen ba su raguwa. Sai wadda ta kwana a tsaye a ce ta ɗan jira, mai karɓarta ba ta iso ba. Hutun shekara a ɗaga shi, ƙaro karatu a ce sai an sami madadi. Ita ce mai allura, ita ce mai ƙarin ruwa, ita ce mai rubuta rahoto, da damina kuwa ga yara masu zazzaɓin cizon sauro suna ta shigowa. Idan ta yi jinkirin zuwa gado na ƙarshe, masu jinya ba Ma'aikatar Lafiya za su zaga ba, ita za su zaga. A gida kuma ga miji da 'ya'ya suna jiran uwar da ta dawo ba ta iya ko ɗaga murya. Sau da yawa abin da jama'a ke kira wulaƙancin nas, gajiya ce ta yi mata yawa, ko da yake wannan bai wanke mai mugun hali ba.

Ba zato ba ne. Binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka buga a Amurka a 2002, bayan nazarin asibitoci 168, ya nuna cewa duk maras lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin 100, yana kuma ƙara yiwuwar aikin ya fita daga ran nas ɗin da kashi 23 cikin 100. A Amurka ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa ana tsakar neman jijiya.

Da Majalisar ta ga abin ya yi yawa, a 2024 ta ɓullo da ƙa'idar cewa sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance takardunta don fita. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Ikko, kuma da gaskiyarsu, gama kulle ƙofa ba ya rage aikin dare. A ranar 30 ga Yuli 2025 ƙungiyarsu ta ƙasa ta fara yajin aikin gargaɗi, ta janye ranar 2 ga Agusta. Cikin buƙatunta, ban da alawus na canjin aiki da na kayan sawa, har da a ɗauki sababbin ma'aikata masu yawa.

Jihar Yobe ta ga wata dabara da ta fi kulle ƙofa. Daga 2012 zuwa 2020 wani shiri da Ingila ta ɗauki nauyinsa ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara, a yi musu share fagen karatu, su shiga makarantun kiwon lafiya irin Kwalejin Shehu Sule ta Damaturu, da niyyar su koma garuruwansu. 'Yar Danchuwa ta fi baƙuwa zama a Danchuwa. Sai dai horarwa rabin aiki ne. Lalle Hukumar Kula da Asibitoci ta jihar ta riƙa bayyana yawan nas-nas da gadaje na kowane ɗaki, ta cike gurbin duk wadda ta tafi cikin watannin da ta tafi, kuma a biya alawus na aikin dare da na zaman ƙauye tare da albashi.