Masu Yi wa Ɓera Dariya

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ke yawo a ɗakunan kwananmu, wai masanan da ke ɓata shekaru suna yi wa ɓera da biri allura ba su da aikin yi. Lalle rashin sani ya fi dare duhu. To, bari mu warware zancen.

Idan aka dasa wa mutum ƙodar wani, garkuwar jikinsa takan ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba, ta far mata. Saboda haka dashen farko da ya yi nasara, wanda Joseph Murray ya yi a Boston a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Sauran mutanen da ba su da ɗan tagwaye fa?

Amsarsu daga ɓera ta fito. A 1953 Medawar da abokan aikinsa suka nuna cewa ana iya koya wa jikin ɓera karɓar fatar wani ɓeran. A 1975, a Kambirij, Köhler da Milstein suka gano hanyar samar da sinadarin garkuwa iri guda, mai neman abu ɗaya tak, da ƙwayoyin jikin ɓera. Daga wannan hanya aka sami OKT3, wanda Amurka ta amince da shi a 1986 domin ceton ƙodar da jiki ya fara ƙi.

Masu musu za su ce biri ba mutum ba ne. Haka ne. Sinadarin da ya hana birai ƙin dashen ƙoda a ƙarshen shekarun 1990 ya jawo daskarewar jini da aka gwada shi a kan mutane, aka dakatar da gwajin. Amma ina tambaya: da me za a fara, in ba da dabba ba? Da mahaifin wa? Abin da ya wajaba shi ne a tausaya wa dabbar, kada a azabtar da ita, kuma kada a yi gaggawar busa ƙaho.

Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda aka yi wa dashe zai sha magani muddin ƙodar tana jikinsa, talaka kuwa gonarsa yake sayarwa ya saya. Binciken da muke yi wa dariya, hanyar raba shi da wannan nauyi yake nema. Ranar da ciwon ya ƙwanƙwasa ƙofar gidanku, wa zai yi dariya? Allah Ya ganar da mu.