A Ƙyale Aku da Bakinsa

Tun da aka san cewa aikinmu rubuta manhajar kwamfuta ne, ba mu da sakat a unguwa. A ɗaurin aure, a majalisar bayan la'asar nan Kambarawa, har a layin shan mai, sai wani ya dafa mu ya ce: "Ku masu kwamfuta, me ya hana ku yi mana katun ɗin Magana Jari Ce? Yaran yanzu ba sa karatu, sai kallo." Da farko dariya muke yi mu ce ba fanninmu ba ne. Yanzu mun daina dariya, domin mun lura mai faɗin maganar da gaske yake, kuma ya yi imani cewa da zarar an ɗora littafin a kan allon waya, an ceto shi. Mu kuwa muna ganin ta nan za a ƙarasa shi.

Bari mu fara da abin da masu wannan kira suke mantawa, wato abin da ke cikin littafin. Yawancinsu rabonsu da buɗe shi tun suna firamare. A littafi na ɗaya Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma yana ƙulla makircin da zai sa yaron ya fita a halaka shi. Wa ya tsaya tsakanin Musa da mutuwa? Tsuntsu, wanda ba shi da takobi ba shi da garkuwa. Kullum dare Musa ya ɗaura ɗamarar fita, aku ya riƙe shi da labari har gari ya waye. Duk fargabar mai karatu a nan take: shin bakin tsuntsun nan zai ƙara cin nasara yau ma? A littafi na biyu gasar labari ce tsakaninsa da wani akun, Haziƙ. A na uku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Littattafai uku a kan abu ɗaya, kuma Abubakar Imam bai ɓoye ba, ya rubuta shi a bango ya zama sunan littafin.

To me kyamara za ta yi da wannan? Za ta nuna aku ya buɗe baki na daƙiƙa goma, hoto ya dushe, sai ga Kalala da Kalalatu a kicin suna wasan kwaikwayo. Daga wannan lokacin aku ya ɓace, Musa ya ɓace, daren da ake ƙoƙarin cinyewa ya ɓace. An bar mu da gajeren wasan barkwanci, wanda zai iya yin daɗi, amma mai ba da labarin da hikimarsa ta riƙe ɗan sarki ya koma mai gabatar da shiri.

Mun san za a ce mana ai NTA Kaduna ta yi shi a shekarun 1980, mutane kuma sun so shi. Gaskiya ne, mu ma mun ga maimaicinsa, kuma Allah ya jiƙan Kasimu Yero da sauran waɗanda suka yi aikin da ƙwarewa. Amma a tambayi waɗanda suka kalla a wancan lokaci: nawa ne daga cikinsu ba su riga sun karanta littafin a aji ba, ko an karanta musu? Sun zo gaban talabijin da akunsu a cikin kai, suna gwada shi da na allo. Yaron da za a miƙa wa katun yau ba shi da abin da zai gwada. Na allon shi ne na farko, shi ne kuma na ƙarshe.

Ruwan Bagaja ma ya fi wuyar sha'ani. Imam ya rubuta shi yana malami a Midil ta Katsina, don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Wanda ke ba da labarin Alhaji Imam ne da bakinsa, yana mayar wa Koje Sarkin Labari martani. Mutum ne mai wayo, mai kuri, yana ba da labarin yadda suka yi ta cutar juna da Malam Zurƙe. Rabin daɗin littafin shi ne mai karatu bai taɓa tabbatar da inda gaskiya ta tsaya, inda ƙarin gishiri ya fara ba. Kyamara ba ta iya wannan shakkar sai a hannun gwani na gaske. Abin da ta nuna ya faru ke nan.

Akwai kuma sabon bala'i, wanda ya fito daga ɓangarenmu, don haka muna da bakin magana. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira kowa na iya rubuta jimla biyu ya sami bidiyo. Mun ga irinsu suna yawo a TikTok da WhatsApp: sarkin Hausa da rawanin maharaja, fada mai ginshiƙan marmara, aku kore shar ko mai launi bakwai irin na dajin Amazon. Akun da Bahaushe ya sani toka-toka ne mai jar wutsiya. Dalilin kuskuren ba asiri ba ne. Waɗannan manhajoji suna koyo ne daga hotunan da suka fi yawa a intanet, hoton soron Katsina da zanko da dagi kuwa ɗigo ne a cikin wannan teku. Ka ce mata "fadar sarki", ta ba ka matsakaicin duk fadojin da ta taɓa gani. Yaron da ke wucewa ta Ƙofar Soro kullum zai koyi cewa sarkin tatsuniyarsa ba ya kama da komai na garinsu. In an bar shi da littafin, da hasumiyar Gobarau da dawakin hawan sallah zai gina birnin a ransa, kyauta, ba data ba caji.

Kada a ɗauka muna ƙin sauya wa labari riga. Imam da kansa babban mai sauya riga ne. Ya ɗebo daga Alfu Laila, daga tatsuniyoyin 'yan'uwan Grimm na Jamus, daga na Indiya da Farisa, ya sa musu sunayen Hausa da ɗabi'un Hausa har ba a gane baƙi ne. Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin Rasha, Ilya Muromets, ya mayar da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951, da dokinsa Kwalele. Waɗannan mutane sun san abin da takarda ke iyawa, suka sassaƙa labarin ya dace da ita. Mai fim da zai yi wa Imam abin da Imam ya yi wa Grimm, ya rushe ya sake gini, muna maraba da shi. Masu yi mana kira a majalisa ba wannan suke nema ba. Suna son a zana littafin shafi-shafi don a huta da karanta shi.

In ma fim ake so dole, ai ga Iliya nan, wanda mu a son ranmu shi ne gwarzon littattafan yarinta, ko da malaman Hausa za su harare mu. Gurgu ne da ya tashi ya zama sadauki, akwai doki, akwai yaƙi, akwai dodanni. Ga Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Imam, da yaƙe-yaƙensa a ƙasar aljannu. Waɗannan labaran motsi ne, ido zai ƙoshi. Kamfanin Sarauniya ma ya gwada da tatsuniyar Daskin da Riɗi a Kano, mutane kuma suka karɓa. Sai dai irin wannan aiki kuɗi yake ci, kuma duk wanda ya taɓa kallon aljanin da aka yi da hodar fuska da hayaƙin kwamfuta ya san abin da arha ke haifarwa.

Hujjar da aka fi jefo mana ita ce Harry Potter: ba ga shi fim ya sa yaran duniya karatu ba? A duba lissafin. Littafin farko ya fito a 1997, fim ɗin farko a 2001, lokacin an riga an buga littattafai huɗu, yara suna bin layi a kantuna don su saya. Littafin Narnia na farko ya fito a 1950, babban fim ɗinsa sai 2005. Fim ya tarar da masu karatu ne, ya ƙara musu yawa, domin yaron da ya fito daga sinima zai iske littafin a kanti, a makaranta, a ɗakin yayarsa. Namu yaron in ya gama kallo, ina zai iske shi? A zagaya gidaje goma a unguwarmu a ƙirga kwafin Magana Jari Ce. Mu mun gwada a cikin danginmu kawai, kunya ta hana mu faɗin abin da muka samu.

Abin da ya fi ci mana rai kuma shi ne har yanzu littattafan 1930 da 1950 muke jayayya a kansu. Marubutan Hausa na intanet suna zubo labarai ba dare ba rana, amma kusan duk na manya ne: soyayya, kishi, zaman aure. Wa ke rubuta wa ɗan shekara tara? Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Bayansa layin ya yi siriri ƙwarai. Maimakon a roƙi masu kwamfuta katun, a roƙi marubutan wannan mujalla sabon littafi.

A hutun da ya wuce mun gwada abin a kan ɗan yayarmu, yaro mai shekara tara wanda ba ya ajiye wayar uwarsa. An ɗauke wuta, cajin ya ƙare, muka ɗauko tsohon kwafinmu mai yagaggen bango muka fara karanta masa da tocila. Minti biyar na farko yana ta mutsu-mutsu. Da muka kai inda gari ya waye Musa bai fita ba, muka rufe littafin. Ya ce: "Kawu, gobe fa? In labarin akun ya ƙare yaya zai yi?" Muka ce sai goben. Washegari da muka dawo daga aiki muka tarar littafin ba ya inda muka ajiye shi. Yana ƙarƙashin matashinsa, an naɗe kusurwar wani shafi can gaba da inda muka tsaya.