SHARHI: Dokar Ruwa da Aljihun Ɗan Kasuwa a Sintali

A unguwar Sintali da ke Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, mai gidan abinci da mai gidan burodi da mai wanki da guga duk sukan fara lissafin yini ne da kuɗin ruwa. Inda famfo bai kai ba, rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa ne madogara, kuma da wuya mai saye ya ga takardar gwajin abin da ya saya.

Ba rashin doka ba ne matsalar. Dokar soja mai lamba 101 ta 1993 ta ɗora ikon ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. A 2007 aka fitar da ma'aunin ingancin ruwan sha na ƙasa, aka sabunta shi a 2015. A watan Nuwamba na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsabtace muhalli. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa kuwa ya shafe shekaru ana taƙaddama a kansa, har Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a 2023.

Wannan taƙaddama ta tsaya ne kan wa ke da ikon kogi da gaɓarsa. Tambayar da ta shafi ɗan kasuwa, wato wa zai gwada ruwan, ba ta sami mai ɗauka ba. Sakamakon haka ya bayyana a 2021, lokacin da aka ƙiyasta cutar kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta hallaka sama da 3,000. Kowane majiyyaci ma'aikaci ne da bai fito aiki ba, ko mai ciniki da kuɗinsa ya tafi asibiti.

Saboda haka ya kamata Majalisar Dokokin Taraba ta tanadi abubuwa uku: rajistar duk rijiyar burtsatse da ake sayar da ruwanta, gwaji a kai a kai tare da manna sakamakon a bakin rijiyar, da ƙayyade tazara tsakanin rijiya da masai. A sa kuɗin rajista ya zama kaɗan, domin haraji mai nauyi kan mai saye zai koma.

Su ma ƙungiyoyin 'yan kasuwa akwai nasu aikin. Ranar da masu otal da gidajen abinci suka daina sayen ruwan da ba shi da takarda, mai rijiya da kansa zai nemi ɗakin gwaji.