Kafin Ki Sayi Sabon Akwatin Wi-Fi Saboda Wasan Yara



Makon jiya ɗana ya tsare ni a kicin: "Umma, intanet ɗin gidan nan ya mutu, sai an sayo sabon akwatin Wi-Fi." Wai tun la'asar yake sauke wani wasa daga Steam a kwamfutar tebur, har bayan isha'i bai kai rabi ba. Saura kaɗan in taɓa kuɗin cefane, sai na ce mu duba tukuna.

Mu fara da lissafi. Kamfanonin intanet da megabit suke auna sauri, girman wasa kuwa da megabayit da gigabayit, kuma bit 8 ne ke yin bayit 1. Idan layinki megabit 20 ne a daƙiƙa, megabayit 2.5 kawai zai riƙa sauka. Wasa mai gigabayit 50 zai ci wajen awa 5 da rabi ko da komai lafiya lau.

Idan saurin ya gaza abin da lissafi ya nuna, ga inda za ki duba:

Na ɗaya, su wa ke kan Wi-Fi ɗin? Kowace waya da ke kallon YouTube ko TikTok tana yankar rabonta.

Na biyu, nisa. Bangon bulo yana raunana sigina. Haɗa kwamfutar da akwatin ta kebul ɗin intanet ya fi sauri, ya fi tsayuwa.

Na uku, a danna Ctrl, Shift da Esc tare. Za a ga manhajojin da ke jan intanet a ɓoye. Wani lokaci Windows ce ke sabunta kanta.

Na huɗu, a saitin saukewa na Steam, a tabbatar ba a ƙayyade sauri ba, kuma yankin da aka zaɓa na kusa ne.

Mu namu, wayoyi huɗu ne ke kallon bidiyo, har da tawa. Muna kashe su, lamarin ya gyaru, ko sisi ban kashe ba.

Sai doka ɗaya da na kafa: ba a sauke wasa sai an nuna min girmansa, domin guda ɗaya na iya cinye datar wata. Steam tana ci gaba daga inda aka tsaya, saboda haka ba dalilin yaro ya kwana gadin kwamfuta alhali gobe akwai makaranta.

Ke fa 'yar uwa, yaya kike raba data tsakanin yara? Ki faɗa mana a ƙasa. Allah ya shirya mana zuri'a.