INA ZA KA KAI DABBARKA IN BA TA DA LAFIYA?

Maigida, wannan 'yar takarda taka ce. In ba ka karatun boko, ba yaronka ya karanta maka da ƙarfi, uwargida kuma ta matso ta ji, gama ita ta fi kowa sanin halin awaki da kaji da kyanwar gida.

A ƙasarmu ta Bagudo, tun daga Zagga da Ka'oje har Illo da Lolo da Tsamiya, da wuya ka shiga gida ba ka tarad da dabba ba. Ga kare mai gadi, ko mai bin ubangijinsa farauta. Ga kyanwa, wadda mu ke kira mussa, tana tsaron rumbu. Ga jaki, ga awaki da tumaki, ga kaji da zabi. Tare mu ke kwana da su, yaranmu kuma da su su ke wasa. Saboda haka in dabba ta kamu da ciwo, mutanen gida ma suna cikin haɗari, gama akwai cututtukan da su kan tashi daga jikinta su shiga jikin mutum.

Ni malamin ɗakin shan magani ne, ban koyi aikin dabbobi ba. Amma wanda kare ya ciza wurinmu a ke fara kawo shi, don haka ina da ta cewa. Shawarata ita ce: kada ka bar wanda ba ka san inda ya koyi aiki ba ya soka wa dabbarka allura, kome arahar aikinsa, kome kusancinsa da gidanka. Bari in gaya maka dalili, sa'an nan in nuna maka yadda za ka gane wurin kirki.

HAUKAN KARE

Cikin cututtukan da dabba ke ba mutum, babu wadda ta fi haukan kare muni. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. In ta ciji mutum, ko ta yakushe shi, ko ta lashi gyambonsa, sai ƙwayar ta shiga, ta bi jijiya sannu sannu har ƙwaƙwalwa. Galibi sai bayan wata biyu ko uku alamu ke fitowa. Wani lokaci mako ɗaya ne, wani lokaci har shekara. Abin da ke ruɗa mutane ke nan: rauni ya warke, an manta, sai ga ciwo. Mutum ya fara zazzaɓi, ya riƙa firgita, yana jin ƙishirwa amma in ya ga ruwa sai maƙogwaro ya shaƙe. In an kai nan ba mu da magani, babban asibiti ma ba shi da shi. Kusan duk wanda alamun suka bayyana gare shi ba ya tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 ko wace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan 99 cikin 100 daga kare suka samu, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Yaro gajere ne, kare kan same shi a fuska ko wuya, kuma sau da yawa ya kan ɓoye cizon don tsoron duka.

Alhali kuwa rigakafin cutar ya daɗe a duniya. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa mutum allurarta a 1885. Ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ita aka tsayar ta zama ranar tunawa da yaƙi da haukan kare. Masana sun tabbatar in aka yi wa kare bakwai cikin ko wane goma allura a ƙasa, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Watau allurar da aka yi wa karenka, yaronka ta ke tsarewa.

MAI ALLURA NA KASUWA

Ka san shi. Ran kasuwa ya kan zo da jaka a bayan babur, ya baza kwalabe a tabarma. Ban ce duk masu wannan sana'a mugaye ne ba. Wasunsu abinci su ke nema, suna kuwa zaton taimako su ke yi. Amma dubi waɗannan abubuwa.

Allurar rigakafi ba ta jimrin zafi. Ana ajiye ta cikin sanyi, tsakanin awo 2 da 8 a ma'aunin zafi. Mu kuwa nan da bazara zafi kan wuce awo 40. Kwalbar da ta yini cikin jaka a rana, kwana da kwanaki, ƙarfinta ya tafi, ko da ido bai ga ta sāke ba. Karen da aka yi wa irin wannan allura ya fi wanda ba a yi wa ba haɗari, gama mutanen gida sun saki jiki. In ya ciji yaro sai a ce, "Ai an yi masa allura," a ƙi zuwa asibiti.

Har wa yau, tsinken allura ɗaya ya ke soka wa dabbar kowa, ya ɗauki cutar wannan ya kai wa waccan. Magani ɗaya ya ke ba ko wane ciwo, ba ya kuwa auna girman dabba. In maganin ya yi kaɗan, ƙwayoyin cuta su kan saba da shi har ya daina ci. Ba ya gaya maka kwana nawa za a yi kafin a sha nonon akuyar ko a ci namanta, alhali akwai sauran magani a jikinta, cikin yaranka kuwa zai ƙare.

Kai ma kada ka zama likitan kanka. Farasitamol da ke sauke maka zazzaɓi dafi ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Maganin feshin gona kuma ba na wanke kare ba ne don kaska. Ya kan shiga ta fata ya halaka dabbar, ya cuci wanda ya yi wankan.

ALAMU SHIDA NA WURIN KIRKI

Na ɗaya, mai aikin ya koya, yana kuwa da shaida. Likitan dabbobi a jami'a ya ke karatu. Mafi sani gare mu ita ce Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda ke da asibitin koyar da aikin dabbobi. Sa'an nan sai Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta rubuta sunansa kafin ya fara aiki. A ƙauye galibi malamin dabbobi za ka samu, ba likita ba, wannan kuwa ba laifi. Amma tambaye shi inda ya koya, da likitan da ke bisansa. Mai gaskiya ba ya fushi da wannan tambaya.

Na biyu, yana da firji mai aiki, na lantarki ko na hasken rana. In ya fito ƙauye, allurar tana cikin akwatin sanyi da ƙanƙara. Ka ce ya buɗe ka taɓa kwalbar. In ba ka ji sanyi ba, riƙe dabbarka.

Na uku, yana duba dabba kafin ya ba da magani. Zai tambaye ka yaushe ciwon ya fara, me ta ci, ko wasu sun kamu. Zai auna zafin jikinta, ya dubi idonta da kashinta. Wanda ya zuƙi magani tun ba ka gama bayani ba, kuɗinka ya ke dubawa.

Na huɗu, kwalbarsa tana da suna, da ranar da maganin zai lalace, da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don tsare mu daga jabun magani. Ko wace dabba kuma da sabon tsinkenta. Da yawa cikin alluran rigakafin da gwamnati ke aiki da su a Vom a ke yin su, cikin Jihar Filato, inda aka kafa wurin binciken cututtukan dabbobi tun 1924.

Na biyar, yana ba ka kati. A jiki akwai ranar allura, da irinta, da ranar da za a sāke, da sa hannunsa. Kwikwiyo a kan fara masa yana wata uku, sa'an nan a riƙa sākewa ko wace shekara. Kyanwa ma ana yi mata. Ajiye katin tare da katin rigakafin yara. Ranar da kare ya ciji ɗan maƙwabci, shi za a fara tambayarka.

Na shida, yana da mazauni, gobe ma za ka same shi. Ya san iyakar saninsa, in abu ya fi ƙarfinsa ya kan tura ka gaba, ya kuma kai rahoto in ya ga alamar annoba.

In ba ka san inda za ka sami irin wannan ba, tambayi mai gari ko uban ƙasa, ko ka je sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen aikin gona. Bisansu akwai ma'aikatar lafiyar dabbobi ta jiha a Birnin Kebbi. Karɓi lambar wayar malamin tun dabbarka tana da lafiya.

BATUN IYAKA

Mu mutanen bakin iyaka ne. Da yawa cikinmu suna da dangi a Segbana ko Malanbil, cikin ƙasar Benin, wadda tsofaffi ke kira Dahome. Mutane suna ƙetarewa, dabbobi suna ƙetarewa, kare kuwa ba ya tsayawa wurin kwastan. Don haka kada ka kawo kare ko kyanwa daga wani gari, ko nan ko can, ka sake su cikin yara sai malamin dabbobi ya gani. Akuya ko tunkiyar da ka sayo a kasuwa, ɗaure ta dabam kamar mako uku kafin ka gama ta da sauran.

In asibitin dabbobi na gwamnatin Benin ya fi kusa da kai, ma'aikatansu ma sun koyi aiki, alamu shidan nan kuwa ba su sāke ba. Abin da na ke gargaɗi a kai shi ne kwalbar da aka sayo a kasuwa da rubutun Faransanci, ba mai iya karantawa a gidan, a riƙa auna ta da ka.

MASU CEWA DA NISA, DA TSADA

Gaskiya ne malaman dabbobi ba su da yawa, hanya kuma da damina ba ta da kyau. Amma abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar gari. Ku tsai da rana, ku haɗa kuɗin mai, ku kira malamin ya zo. Kowa ya kawo karensa da igiya, mata su kawo awaki da kaji. Kwalba ɗaya ta rigakafin annobar awaki, mai sa zawo da majina, ta ishi dabbobi da yawa, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa ba ta kwana. Saboda haka taro ya fi araha. Akuyar da aka yi wa ta samu tsari na shekara uku ko fi. Batun tsada kuwa, kare allura ɗaya ce a shekara, amma mutumin da aka ciza allurai ne da yawa, ga kuɗin mota, ga barin gona.

Wani zai ce iyayenmu da sassaƙe suka yi kiwo. Lalle makiyaya sun san dabba, sun kan gane ciwo tun ba wanda ya lura. Amma tambayi tsofaffin Fulani labarin bushiya. Ta share garkuna a zamanin kakanni, ta kuma dawo a 1983 ta yi ɓarna mai yawa. Abin da ya kashe ta shi ne allurar gayya, wadda aka fara a 1962 tsakanin Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, aka yi ta bi har aka shelanta a 2011 cewa babu ita a duniya. Abin da aka yi wa bushiya ana iya yi wa haukan kare, ƙasashen duniya ma sun sa 2030 ta zama shekarar da mutum zai daina mutuwa da shi.

IN KARE YA CIJI MUTUM

Nan da nan a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, minti 15 cur, ana zubawa ana cuɗawa. Kada a sa toka, ko barkono, ko gashin karen. Kada a ɗaure wurin tam. A kawo shi ɗakin shan magani ran nan, ko da raunin ƙarami ne. In ba mu da allurar za mu tura ku inda a ke da ita. Ana yin ta a ranaku dabam dabam, lalle kuwa a cika su duka.

Karen, in an san shi kuma ana iya ɗaure shi ba tare da wani cizo ba, a tsare shi kwana 10, ana ba shi ci da sha, malamin dabbobi yana dubawa. Amma kada a jira kwana goman kafin a fara yi wa mutum allura. In ka ga kare ya sāke hali, yana dalalar da yawu, yana cizon itace da dutse, ko bakinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa, kada ka sa hannu a bakinsa. Kori yara, ka aika a kira malami.

Haka kuma dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a ci, kada a sayar. Alamar ciwon saifa ce, wanda ya ɓulla a Suleja cikin Jihar Neja a 2023, yana kuwa kama mutum.

To, maigida, ka ji. Dabba amana ce a hannunka, ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, kai ne za ka zaɓa mata. Kafin wata ya ƙare, nemi malamin dabbobi na yankinku, ka yi magana da mai gari a tsai da ranar allura. In ka gama karanta wannan takarda, miƙa wa maƙwabcinka, gama karensa da yaranka hanya ɗaya su ke bi.

Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalinmu da dabbobinmu. Amin.