Sharhi: Yaron Riƙo Tsakanin Jihohi Biyu a Amurka

A Amurka kowace jiha tana da tata dokar iyali, kuma ikon kotunta yana ƙarewa ne a bakin iyakarta, saboda haka yaron da hukuma ta karɓe daga hannun iyayensa, aka kai shi wata jiha, yana iya ɓacewa daga idon waɗanda suka ɗauki amanarsa. An taɓa ganin haka, domin daga 1854 zuwa 1929 an yi ta jigilar marayu da 'ya'yan talakawa a jiragen ƙasa daga biranen gabas irin su New York zuwa yankunan noma, inda wasu suka dace da gida na ƙwarai, wasu kuwa aka mai da su 'yan aikin gona.

Don toshe irin wannan kafa aka tsara yarjejeniyar ICPC a 1960, wato doka guda wadda kowace jiha ta shigar cikin kundinta, kuma a yau duk jihohi 50 suna ciki. Ƙa'idarta ita ce, kafin a ƙetare da yaro don riƙo na ɗan lokaci ko na dindindin, sai jihar da za ta karɓe shi ta aika jami'in walwala ya shiga gidan, ya duba ɗakin da yaron zai kwana, ya binciki ko wani babba a gidan ya taɓa cin zarafin yara, sannan ta amince a rubuce. Jihar da ta tura shi kuwa ita ce ke ci gaba da ɗaukar nauyinsa har sai an kammala shari'arsa.

Manufar ba ta da aibi, amma jinkirin da ke tattare da ita yana cutar da wanda aka yi ta dominsa. Takardu kan bi ta ofisoshi da dama a jihohin biyu, kuma ko da yake majalisar dokokin tarayya ta ƙayyade kwana 60 don kammala binciken gida tun 2006, yaro kan shafe watanni a hannun baƙi alhali kakarsa ta gyara masa shimfiɗa a jihar da ke maƙwabtaka. Wata shida a rayuwar ɗan shekara biyu ba ƙaramin lokaci ba ne, domin a cikinsa yake sanin fuskar wadda zai kira uwa. Wata dokar 2018 ta wajabta wa jihohi musayar takardun ta kwamfuta daga Oktoban 2027, wanda zai rage tafiyar hawainiya, amma ba zai ƙara yawan jami'an bincike ba.

Abin da ya fi ɗaci shi ne yadda wasu jihohi ke ɗora wannan ƙa'ida a kan mahaifi ko mahaifiya da ke zaune a wata jiha, ko da ba a zarge su da komai ba, sai uba ya jira izinin jami'i kafin a ba shi ɗan cikinsa. A 2022 kotun ƙoli ta jihar New York ta yanke hukuncin cewa yarjejeniyar ba ta hau kan irin waɗannan iyaye ba, kuma ya kamata jihohin da har yanzu suke ɗaukar uba tamkar baƙon mariƙi su bi sahunta.